Kokowar kaka a Babankatami: wa zai haɗa, wa zai raba?

In gero ya shiga rumbu, sanyi ya fara leƙowa daga gabas, ƙauyukan Babankatami cikin gundumar Buza sukan samu ɗan lokacin da ba su da irinsa a duk shekara. Aikin gona ya ƙare, samari ba su kama hanyar cin rani zuwa Najeriya, Abijan ko Libiya ba tukuna, kuma kowane gida yana da abin sawa a tukunya. Lokacin kokowa ke nan, tun daga duwatsun Kaita har gangaren Majiya da fadamun Madawa. Da la'asar makaɗa su ɗauki kiɗa, jama'a su yi da'ira, samari su ɗaura walki da guru, kowa yana kirari yana neman abokin karawa. Ɗan kasuwa ya aje turmin zane ko buhun gero, wani ya ɗaure rago, ma'aikacin hukuma ya samu kujera a inuwa kusa da mai gari.

Wannan taro shi ne tushen da manyan ƴan kokowar jahar Tawa suke fitowa daga gare shi, domin wanda zai tsaya wa jaha a gasar takobi daga irin wannan fili yake farawa, ya haura zaɓen gunduma, sannan na jaha. Amma duk wanda ya saba zama bakin fili ya san hanyoyi biyu da wasan yake lalacewa. Ta farko ita ce haɗin da bai dace ba: a ɗauko ƙaton da ya sha fama a manyan filaye, a tsayar masa da yaron da bai wuce shekara 17 ba, don kawai rago ya kwana a gidan da ake so. Ta biyu ita ce alƙalin da yake da ɗan gida: in nasa ya taɓa ƙasa idonsa yana wani wuri, in baƙo ya ɗan yi tuntuɓe sai ya ɗaga hannu. Abin da ke biyo baya sananne ne. Yaro ya koma gida da karayar da za ta hana shi cin ranin bana, ƙauyuka biyu masu shan ruwan rijiya ɗaya su daina gaisawa, mai kyauta ya kashe kuɗinsa ya sayi zagi, wani lokaci ma sai an kira jandarma. Baɗi in an buga kiɗa, baƙi ba su zuwa.

Wasan tebur na mutanen nesa

Akwai wasu mutane da ba su taɓa taka ƙasar Adar ba, amma sun shekara 50 suna fama da wannan tambaya, har sun cika littattafai da ita. A shekarar 1974, wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, sunka fitar da wani wasa mai suna Dungeons & Dragons, wanda masu jin Faransanci sunka sani da Donjons et Dragons. Kamfanin TSR na garin Lake Geneva, a jihar Wiskonsin, shi ya buga shi, kuma bugun farko bai wuce kwafi 1000 ba. Shekara guda bayan haka, a 1975, zamanin Seyni Kunce, anka buɗe gasar kokowa ta ƙasa karo na farko a birnin Tawa, inda Yakuba Kantu na Maraɗi ya zama sarki. Kusan sa'annin juna ne ke nan.

Wasan nasu tatsuniya ce da ake ƙagawa tare. Mutum huɗu ko biyar su zauna kewaye da tebur, kowa ya ɗauki jarumi guda: wannan mayaƙi, wannan maharbi, wancan mai sihiri. An rubuta ƙarfin kowane jarumi, da kaurin sulkensa, da yawan saran da zai iya jurewa, duk da lambobi a kan takarda. Sai mutum ɗaya ya zama jagoran wasa. Shi ke ba da labari kamar tsohuwa mai tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, shi ke faɗin abin da ke bayan kowace ƙofa, kuma shi ke riƙe da dodanni da ƴan fashin da jarumai za su yi karo da su. In faɗa ya tashi, ba a barin shi ga bakin kowa. Ana jefa ƙwaya irin ta wasan lido, sai dai ita wannan fuska 20 gare ta. Lambar da ta fito, haɗe da ƙarfin jarumi, ita ke nuna ko sara ya kama ko ya kuskure.

Mai karatu zai lura cewa jagoran nan iko ya yi masa yawa. Shi ne mai haɗawa, shi ne abokin gaba, shi ne kuma alƙali. In ya ga dama ya saki dodon da zai cinye su duka kafin su zare takobi. In ya ga dama ya riƙa turo musu ƴan ƙananan abokan gaba da ba su iya ko ƙwarzanar su. Ta farkon zalunci ce, ta biyun raini ce, kuma duka biyun ƙarshensu ɗaya: mako mai zuwa ba wanda zai dawo teburin. Asalin wannan matsayi tsoho ne. A 1824, wani hafsan sojan Furusiya, cikin ƙasar Jamus ta yanzu, mai suna Reisswitz, ya gabatar wa manyansa wasan yaƙi a kan taswira don horar da hafsoshi, kuma ya sa mutum na uku tsakanin ɓangarori biyu. Sunan da anka ba wannan mutum da Jamusanci yana nufin amintacce. Wanda zai tsaya tsakiyar fili a Babankatami ba ya bukatar sunan da ya fi wannan.

Awo kafin haɗi

Abu na farko da masu wasan tebur sunka koya shi ne a auna kafin a haɗa. A bugu na uku na dokokin wasan, wanda kamfanin Wizards of the Coast ya fitar a 2000 bayan ya sayi TSR a 1997, anka ba kowane dodo lambar da ke nuna nauyinsa. Jarumai su ma matakai gare su, daga 1 zuwa 20. A bugun 2014, ƙa'idar ita ce dodo mai lamba 3 ya dace da jarumai huɗu ƴan mataki na 3: zai wahalar da su, amma bai kamata ya hallaka su ba. Littafin ya kasa faɗa kashi huɗu, mai sauƙi, matsakaici, mai wuya, da mai iya kisa, don jagora ya san abin da yake ɗora wa mutanensa.

Lissafin ƙwayar ba shi da wuya ga wanda ya saba da ciniki. In jarumi yana bukatar 11 ko abin da ya fi, fuska 10 cikin 20 nasa ne, wato rabi da rabi. In yana bukatar 19, fuska 2 kaɗai gare shi, sau ɗaya cikin goma ke nan, kuma mai wasan zai gane an yi masa tarko. In yana bukatar 3 kawai, zai ci sau tara cikin goma, har ya fara hamma. Daɗin wasa yana tsakiya, inda mai ƙoƙari yake da hujjar sa rai, yake kuma da hujjar jin tsoro.

Hausawa ba su rasa wannan awo ba. Tun da can yara ke buɗe fili, samari su biyo, manya su rufe, kuma wanda anka miƙa wa hannu yana iya ƙin karɓa in ya ga abin ya fi ƙarfinsa. Abin da ya sauya shi ne kyauta ta yi nauyi, kuma mota da babur sun sa ana iya ɗauko ɗan kokowa daga gari mai nisa a wuni guda, wanda ba wanda ya san girmansa sai ya tuɓe riga. Gasar kokowa ta ƙasashen CEDEAO, wadda ƴan Nijar sunka sha shiga kafin ƙasar ta fice daga ƙungiyar a 2025, ta raba ƴan wasa bisa nauyi kashi biyar, daga kilo 66 zuwa 120. Ƙauye ba sai ya kai nan ba. Sikelin da ake auna wake da albasa ya isa, ko ma idon dattawa uku da sunka taɓa ɗaura walki, muddin an yi rabon kafin a san wa zai samu rago.

Akwai masu cewa wannan duk kawo ƙa'idar Nasara ne cikin abin gado. Hujjarsu tana da ƙarfi: gasar takobi kanta ba ta san kilo ba, kuma babu abin da ke tada fili kamar ƙarami ya ɗaga ƙato ya tiƙa da ƙasa. Gaskiya ne. Sai dai mutum 80 da ke shiga wannan gasa, goma daga kowace jaha cikin jahohi 8, an riga an tace su sau da yawa kafin su iso. Ƙaramin cikinsu gwani ne da ya san yadda ake faɗuwa ba tare da an karye ba. Filin ƙauye ba shi da wannan rariya, don haka dole wani ya zama rariyar. Kuma ko masu littattafan ba su ce lamba ta gama magana ba. Masu wasa sun daɗe suna kukan cewa lambar dodo takan yi ƙarya, har a gyaran 2024 anka sake tsarin, anka mai da kashi huɗun nan uku. Awo yana rage kuskure, amma idon mai haɗawa yana nan da aikinsa.

Gajiya ma abokiyar gaba ce

Abu na biyu ya fi ɓoyuwa. Littafin 2014 ya lura cewa dodanni da yawa sun fi dodo guda haɗari ko da jimlar ƙarfinsu ɗaya ce, don haka ya ce in biyu ne a ƙara rabin nauyinsu, in uku ne zuwa shida a ninka. Ya kuma ƙiyasta cewa jarumai za su iya ɗaukar faɗa 6 zuwa 8 a wuni guda, domin kowane faɗa yana rage musu kibau da magani da jini, har na ƙarshen ya fi na farkon wuya ko da abokan gaban iri ɗaya ne.

A kawo wannan bakin fili. A ɗauka baƙo ya zo, gwani ne, wanda in an haɗa shi da kowane ɗan gida sau goma zai kada shi sau bakwai. In anka jera masa ƴan gida huɗu ɗaya bayan ɗaya, damarsa ta tsallake su duka ba ta wuce ɗaya cikin huɗu ba, tun ma ba a sa gajiya cikin lissafi ba. In kuwa zakaran gida yana zaune a inuwa ana yi masa fifita har sai baƙo ya gama da ukun farko, to an riga an yi kaye tun ba a kama ba. Kowane haɗi in an dube shi shi kaɗai daidai yake, alƙali bai yi son kai ba, amma jerin gaba ɗaya rashin adalci ne. Maganinsa kuwa ba ya cin ko dala: kowa ya yi karawa daidai da ta abokinsa kafin su haɗu, kuma a ba su hutu iri ɗaya.

Doka kafin kiɗa, ƙuri'a a gaban kowa

Ba a fafe gora ranar tafiya. Jagoran kirki yakan tara mutanensa tun kafin a jefa ƙwaya ta farko, a yarda da dokokin da za a bi, har da ko jarumi zai iya mutuwa cikin labarin. In gardama ta taso tsakiyar faɗa, ya yanke hukunci nan take, wasa ya ci gaba, a koma kan maganar bayan an tashi. Abin da ba a yafe masa shi ne ya sauya doka don ya ga abin ba ya tafiya yadda yake so.

Rikicin filin ƙauye yawanci a nan yake. Me ake kira kaye? Gwiwa ɗaya ta isa, ko sai biyu? In mutum ya dafa ƙasa da hannu fa? In an fita da'ira? Minti nawa za a yi kafin a raba, kuma in an raba canjaras ne ko gargaɗi zai yi hukunci, kamar yadda ake gani a gasar ƙasa? Wane kamu ne haramun? Kowane ƙauye yana da abin da ya saba, kuma kowa yana zaton nasa ne na duniya. Sanƙira ya faɗi waɗannan da babbar murya a gaban baƙi da ƴan gida kafin makaɗi ya taɓa ganga, wannan kaɗai zai kashe rabin faɗan.

Sai maganar ɓoyo. A wasan tebur jagora yakan kafa ɗan shinge na kwali a gabansa don kada a ga takardunsa, kuma a bayan shingen yake jefa ƙwayar dodanni. Tsohuwar gardama ce tsakanin masu wasan: in ƙwaya ta fito da abin da zai kashe jarumin yaro sabon shiga, ya halatta jagora ya faɗi wata lamba don tausayi? Wasu sun ce e. Wasu sun ce ranar da anka gane ya taɓa yi, duk nasarar da anka samu a teburin nan, ta jiya da ta gobe, ta zama abin shakka. Shi ya sa jagorori da yawa suke jefa ƙwayarsu a fili kowa yana gani. Ƙaryar tausayi ma ke nan, balle ta son kai. A kokowa, shingen kwalin shi ne zauren da mutum biyu ko uku suke shiga su tsara wa zai kama wa. A rubuta sunaye, a zuba cikin ƙwarya, a kira yaro ƙarami ya ɗauko a tsakiyar fili. Alƙali kuma a nemo shi daga ƙauye na uku, wanda ba shi da ɗa ko suruki cikin masu karawa, kuma a biya shi ladansa tun kafin a fara, don kada ya riƙa kallon fuskar mai kyauta.

Wanda ya faɗi

Abu na ƙarshe ya shafi wanda anka kada. Gwanayen jagorori sun gane cewa in faɗa ba shi da ƙarshe sai mutuwa, masu wasa sukan zama matsorata ko masu ha'inci. Don haka sukan bar ƙofa: a gudu, a yi sulhu, a faɗa hannun abokan gaba a nemi hanyar kuɓuta. Shan kashi ya zama ci gaban labari. Gasar takobi tana da hikima irin wannan. Wanda ya faɗi ya rasa damar sarauta a shekarar, amma yana ci gaba da tsaya wa jaharsa a sauran karawar zagayen farko, har yana iya kada wanda bai taɓa faɗuwa ba. Kuma kaye ɗaya yana fitar da kowa, ko da Kadri Abdu ne, wato Isaka Isaka na Doso, wanda ya ɗauki takobi karo na 6 a Agadas a ƙarshen 2023. Wannan ne ya sa mutane suke manne da rediyo a kasuwa da ofis: ba wanda ya san ƙarshen labarin, har mai riƙe da takobin.

A ƙauye, in kyauta ɗaya ce tak kuma na biyu ya tashi hannu wofi da dariyar ƴan mata a bayansa, kowa zai nemi rago ta kowace hanya. In kuwa an raba kyautar, na biyu da na uku sun samu, an tanadi wani abu don wanda ya yi kaye mafi kyau da yaron da ya fi jurewa, kuma an ware kuɗin kai wanda ya ji ciwo gidan likita, faɗuwa ta koma abin da take tun asali, wato darasin da mutum zai gyara baɗi.

Maganar tana komawa kan masu aje kyauta da masu zama a inuwa. Ɗan kasuwar da ya fitar da jika 50 yana da ikon ya sa sharaɗi, kuma ba wanda zai ƙi ji. Ya san abin da sikelin da anka taɓa yake jawo wa shago: ribar wuni ɗaya, sannan masu saye su koma maƙwabci. Ma'aikacin hukuma kuwa, ko malamin lakwal ne ko na gidan gona, yana da takarda da alƙalami, kuma sau da yawa ba ɗan garin ba ne, don haka shi ya fi dacewa ya rubuta dokoki da sunaye, ya riƙe agogo. Mai gari da dattawa su riƙe abin da yake nasu, wato sanin wane yaro ya isa shiga, wane ne za a ce ya jira wata shekara.

Samarin da za su yi da'ira a Babankatami bana, da yawansu cikin ƴan makonni za su kasance a tashoshin Kwanni da Madawa da jaka a kafaɗa. Abin da sunka gani a fili shi za su tafi da shi, ko cewa a garinsu ƙoƙari yana biya, ko cewa rago yana da mai shi tun kafin a ɗaure shi. Wanda ya tafi da na farkon yakan dawo da kaka, ya kuma zo da abokai. Sai an gwada akan san na ƙwarai, amma sai in gwajin na gaskiya ne. Allah ya kai kowa kakar baɗi lafiya, ya ba mai rabo sa'a.